Bishop Samuel Ajayi Crowther da Ranakun Farko na Bishara a Mahaɗar Kwara da Binuwai

Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana. Kowace ikilisiya a ƙasar nan tana da ranar da take waiwaya domin ta tuna mafarinta. Waɗansu suna ƙirga shekarunsu daga 1893, lokacin da Gowans da Kent da Bingham suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan. Waɗansu daga 1904, sa'ad da Dokta Karl Kumm da abokansa suka kafa zango a gindin dutsen Wase. Waɗansu kuma daga 1923, ranar da aka yi sujada ta fari a ƙarƙashin tsamiya a Garkida. Dukan ranakun nan sun cancanci a tuna da su. Amma akwai wata rana da ta girme su duka, wadda masu bi kaɗan ne suka san ta, wato 14 ga Satumba, 1862. A ranar ce aka yi baftisma ta farko da tarihi ya rubuta a yankin da daga baya aka kira Nijeriya ta Arewa, a wani gari mai suna Gbebe, kusa da inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu. Wanda ya yi baftismar kuwa ba Bature ba ne. Baƙin mutum ne, Bayarabe, wanda aka taɓa musayarsa da doki. Sunansa Samuel Ajayi Crowther.

Daga Oshogun zuwa Saliyo

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Oshogun, cikin ƙasar Yarabawa, a yankin da yake Jihar Oyo a yau. Zamani ne na rikici, gama daular Oyo tana rushewa, yaƙi yana bin yaƙi, bayi kuma su ne hajar da ta fi kowace tafiya a kasuwa. A shekarar 1821 mahara, waɗanda suka haɗa da Fulani da Yarabawa Musulmi, suka auka wa garin da sassafe, suka sa masa wuta, suka kama Ajayi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Ba a daɗe ba aka raba su. Aka yi musayar yaron da doki, da dokin bai gamshi mai shi ba aka mayar da cinikin. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, har ya kai bakin teku a Ikko, inda aka sayar da shi ga Turawan Fotugal masu fataucin bayi.

A watan Afrilu na 1822 aka zuba shi cikin jirgi tare da bayi fiye da 180, za a ƙetare da su teku. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar 'yan cinikin bayi suka tare shi. Aka kai bayin Firitawun a ƙasar Saliyo, aka 'yantar da su. A can 'yan mishan na ƙungiyar C.M.S. suka karɓi Ajayi. Yaro ne mai kaifin basira, cikin 'yan watanni ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin ikilisiya na birnin Landan. A 1827 ya zama ɗalibi na farko da aka rubuta a kwalejin Fourah Bay. Ya auri wata malamar makaranta mai suna Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, aka yi mata baftisma da sunan Susan. Sun yi zaman aure na kimanin shekara 50.

Firitawun ta wancan zamani taron kabilu ce. Akwai Yarabawa, da Ibo, da Nufawa, da Hausawa, da Barebari, dukansu 'yantattun bayi, kowa yana riƙe da harshensa yana kuma begen gida. A cikin wannan taro ne Crowther ya fara sha'awar harsuna, a cikinsa ne kuma daga baya ya ɗebi ma'aikatan da suka bi shi bakin Kwara.

Shekarar 1841: ganin farko

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara. Manufar ita ce a ƙulla yarjejeniya da sarakuna su bar sayar da mutane, a buɗe cinikin amfanin gona a maimakonsa, a kuma duba hanyar da bishara za ta bi. C.M.S. ta sa mutum biyu cikin tafiyar: Rabaran James Frederick Schön, Bajamushe mai nazarin Hausa, da malamin makaranta Samuel Crowther. Suka yi yarjejeniya da Obi na Aboh da kuma Attah na Igala a Idah. A wurin Attah aka sami fili a mahaɗar kogunan biyu, kusa da dutsen Patti, domin a kafa gonar gwaji. Nan ne Crowther ya fara ɗora idonsa a kan wurin da zai zama Lokoja.

Tafiyar ta ƙare da baƙin ciki. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kusan dukan Turawan, fiye da 40 suka mutu, gonar ma ba ta yi ƙarko ba. A Ingila mutane suka ɗauka hasara ce tsantsa. Amma Schön ya koma da wani darasi wanda ya sāke tunanin C.M.S., cewa idan bishara za ta shiga cikin ƙasar, 'ya'yan Afirka ne za su kai ta. Ya ba da shaida mai kyau a kan abokin tafiyarsa. Aka kira Crowther Landan, ya yi karatu, aka keɓe shi ga aikin limanci a 1843. A shekarar ce kuma aka buga littafinsa na kalmomin Yarabanci, aka kuma buga na Schön na kalmomin Hausa. Ƙoƙarin sa Maganar Allah cikin harshen Hausa, wanda ya kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, saiwarsa tana komawa ga wannan tafiya da aka yi wa kallon banza.

Kafin ya koma Kwara, Crowther ya yi aiki a ƙasarsa ta haihuwa. Ya isa Abeokuta a 1846 tare da Henry Townsend. A can, bayan rabuwar shekara 25, ya sake saduwa da mahaifiyarsa, wadda aka yi wa baftisma a 1848 da sunan Hannatu. A can ne kuma ya duƙufa kan juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, aikin da ya ci shekaru kusan 40 kafin shi da abokan aikinsa su kammala.

Shekarun 1854 da 1857: ƙofa ta buɗe

A 1854 wani attajiri mai suna Macgregor Laird ya shirya jirgin Pleiad, aka sake gwada kogin a ƙarƙashin Dokta William Baikie. Wannan karo kowane Bature yana shan kwinin kullum. Jirgin ya hau Binuwai har ƙasar Muri, ya yi kimanin wata huɗu cikin kogi, ya fito ba wanda ya mutu. Crowther yana ciki, yana rubuta sunayen garuruwa da kalmomin harsunan da ya ji, yana lura da inda za a iya kafa tasha. Ya lura da yadda Hausa take tafiya a bakin fatake daga kasuwa zuwa kasuwa, ya gane cewa wanda ya riƙe harshen nan ya riƙe mabuɗin ƙasashe masu yawa.

A 1857 aka ba shi shugabancin sabon aiki, Mishan na Kwara, wanda dukan ma'aikatansa baƙaƙen fata ne. A watan Yuli ya sauke Rabaran John Christopher Taylor, ɗan 'yantattun bayi Ibo, a Onitsha. Ya wuce gaba ya bar ma'aikata a Gbebe, a gabashin kogi, garin kasuwa inda Igbira da Igala da Bassa da Nufawa da Hausawa suke cuɗanya. Niyyarsa ita ce ya kai har Sakkwato. Amma a watan Oktoba jirginsu, Dayspring, ya bugi dutse kusa da Jebba ya farfashe. Suka fita da rayukansu kawai, suka kafa bukkoki a gaɓa, suka jira wani jirgi na tsawon watanni masu yawa. Crowther bai zauna yana kukan hasara ba. Ya mai da zangon makaranta, ya shiga koyon Nufanci, ya riƙa zuwa Rabba yana sabawa da manyan Nufawa. Daga wannan zaman dole ne littafinsa na koyon karatun Nufanci ya fito a 1860, na nahawu da kalmomi kuma a 1864.

Ranar 14 ga Satumba, 1862

Shekara biyar ma'aikatan Gbebe suka yi suna koyarwa kafin a ga 'ya'yan fari. Crowther ba mai gaggawar baftisma ba ne. Yana so mutum ya san abin da yake karɓa, ya kuma nuna shi cikin zamansa da maƙwabta. A ranar Lahadi, 14 ga Satumba, 1862, a cikin ƙaramar majami'ar laka, ya yi wa manya takwas da yaro ɗaya baftisma, jama'ar gari suna kallo. Mutum tara ba taro ba ne a idon duniya, amma su ne nunan fari na wani girbi wanda a yau ba ya ƙidayuwa, daga Kogi har Borno. A 2012 ne wannan rana ta cika shekara 150.

Gbebe ba ta daɗe ba. A tsakiyar shekarun 1860 rikicin gadon sarauta ya tashi a garin, aka ƙone shi, tashar mishan ta tafi tare da shi. Masu bi suka haye kogi zuwa Lokoja, sabon garin da Baikie ya kafa wajen 1860 a gindin dutsen Patti, wanda ya zama mafakar 'yantattun bayi. A 1865 Crowther ya kafa tasha a can, da majami'a, da makarantar Holy Trinity, wadda ake ɗauka ita ce makarantar firamare ta farko a Arewa. Waɗansu daga cikin ma'aikatan da ya sa a yankin 'ya'yan Hausawa da Nufawa ne waɗanda aka 'yantar a Saliyo. Bauta ta fitar da iyayensu ta teku, bishara ta komo da 'ya'yan ta kogi.

Tsakanin waɗannan abubuwa biyu aka yi wata rana mai girma. Henry Venn, sakataren C.M.S., ya daɗe yana koyar da cewa ikilisiyar kowace ƙasa ta riƙe kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Shi ne ya matsa sai an naɗa Crowther Bishop, ko da yake Crowther da kansa ya yi ta nonnoƙewa, waɗansu 'yan mishan Turawa kuma suka ƙi yarda su zauna a ƙarƙashinsa. Ran 29 ga Yuni, 1864, ranar tunawa da Manzo Bitrus, aka keɓe shi a babbar majami'ar Kantabari, ya zama baƙin mutum na farko da ya zama Bishop a Ikilisiyar Angilikan. A cikin taron akwai Henry Leeke, hafsan jirgin yaƙin da ya cece shi shekara 42 kafin nan. Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin Dokta a fannin tauhidi.

Zamansa da sarakuna

Lokoja bakin iyaka ce. Daga kudu akwai ikon Attah na Igala, daga arewa akwai ikon Etsu Masaba na Bida, wanda yake ƙarƙashin tutar Gwandu. A lokacin ba gwamnatin Turawa, ba soja, ba ɗan sanda. Tashar mishan tana tsaye ne bisa yardar sarakuna kaɗai, yardar kuwa takan juya. An taɓa ba Crowther izinin zama a Rabba, daga baya aka janye. A 1867 wani basarake na bakin kogi mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson, ya tsare su yana neman kuɗin fansa mai yawa. Mataimakin jakadan Ingila na Lokoja, William Fell, ya zo ya kuɓutar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu a cikin jirgi. Wannan mutuwa ta daɗe tana yi wa Bishop nauyi a zuciya.

Duk da haka bai taɓa neman a buɗe wa bishara hanya da bindiga ba. Yakan hau zuwa Bida ya gai da Masaba, ya kai gaisuwa irin wadda ta dace da sarki, ya faɗi abin da ya kawo shi a fili. Yakan ba sarakuna da malamai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. Tun yana Saliyo ya koyi cewa gardama mai zafi da Musulmi ba ta haifar da kome sai taurin zuciya, saboda haka ya bar ta. A 1872, yana kan hanyarsa ta ƙasa daga Kwara zuwa Legas, aka kira shi fadar Sarkin Ilorin, malamai suka yi masa tambayoyi a kan Almasihu. Bai zagi addininsu ba, bai kuma ɓoye nasa ba. Ya buɗe Littafi, ya fara daga inda suka yi tarayya, wato saƙon mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu cikin sura ta fari ta Luka, sa'an nan ya wuce zuwa abin da Yesu ya faɗa game da kansa cikin Yohanna. Ya kuma nuna musu addu'ar da Kirista suke yi wa mai mulkin ƙasa, ya bayyana cewa a ƙasar sarki sunan sarki ake sawa. Aka rabu da mutunci.

Amanar da ya gina ta yi 'ya'ya. A tsakiyar shekarun 1870 aka ba shi wuri a tudun Kipo, daura da Egga, cikin ƙasar Nufe. Bayan shekaru, sa'ad da barasar Turawa ta fara lalatar da jama'a, Etsu Maliki na Bida, sarki Musulmi, ya aika wa Bishop Crowther takarda yana roƙonsa ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita. Mai karatu ya tuna cewa cikin maharan da suka ƙone Oshogun akwai Musulmi. Mutumin da yake da dalilin riƙe ƙiyayya har kabari, shi ne sarakunan Musulmi suka amince wa ya yi magana a madadinsu.

Ƙarshen kwanakinsa

Mishan na Kwara bai rasa aibu ba, gaskiya ce kuma a faɗe ta. Tashoshin suna nesa da juna, daga Bonny da Brass a bakin teku har Kipo. Bishop yana zaune a Legas, shekaru da yawa kuma sai jirgin 'yan kasuwa ya tashi yake samun hawa kogi, gama sai a 1878 mishan ya sami jirgin kansa. Albashin ma'aikata kaɗan ne, waɗansu suka shiga ciniki, waɗansu kuma suka faɗi cikin zunubi mai muni. Crowther uba ne mai taushin zuciya, ya fi son ya gyara mutum da ya kore shi.

Amma zamani ma ya sāke. Venn ya rasu a 1873. Kwinin ya sa Turawa suna iya zama a bakin kogi, kamfanin Royal Niger ya sami ikon mulki a 1886, ra'ayin cewa baƙin mutum bai isa shugabanci ba kuma ya yi ƙarfi a Turai. A 1890 waɗansu samari 'yan mishan suka iso Lokoja a ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, da ƙudurin kai bishara ƙasar Hausa. Masu himma ne, ba su kuwa ji tsoron mutuwa ba, gama Robinson ya rasu a 1891, Brooke a 1892. Sai dai himmarsu ba ta tafi da tawali'u ba. Suka yanke wa aikin shekara 33 hukunci cikin 'yan watanni, aka dakatar ko aka sallami mafi yawan ma'aikata baƙaƙe, aka rufe makarantar horar da ma'aikata ta Lokoja. A watan Agusta na 1890, a taron kwamiti a Onitsha, sakataren mishan, Bature, ya dakatar da Babban Dikin Dandeson Crowther a gaban mahaifinsa, ba tare da izinin Bishop ba. Dattijo mai shekara fiye da 80 ya ajiye shugabancin kwamitin ya fita.

Matarsa ta riga ta rasu a 1880, mahaifiyarsa kuma a 1883. A 1891 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ran 31 ga Disamba, 1891, ya yi barci cikin Ubangiji a Legas. Bai tsaga ikilisiya ba, bai kuma rama zagi ba. Bature aka naɗa a gurbinsa, sai a 1952 aka sake ba ɗan ƙasa riƙon dayosis na Angilikan a Nijeriya. A 1976 aka ɗauke ƙasusuwansa daga makabartar Ajele zuwa harabar babbar majami'ar Christ Church a Legas. A watan Yuni na 2014, wajen bikin cikar shekara 150 da keɓe shi, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya furta a fili cewa an zalunce shi, ya kuma nuna tuba a madadin Ikilisiyar Ingila.

Abin da ranakun suke tunasarwa

Ƙofar da Crowther ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller sun tafi ƙasar Hausa a 1900, aikin da ya kai ga Zariya da Wusasa. Ta Lokoja 'yan mishan na S.I.M. suka wuce zuwa Patigi a 1902, ta nan Kumm da abokansa suka wuce zuwa Wase. Saboda haka 1841, da 1857, da 1862, da 1865, ba na ɗarika guda ba ne, gādo ne na dukan masu bi na Arewa da na tsakiyar ƙasa.

Ranakun nan suna da amsa ga mai cewa bangaskiyar Kirista kayan Bature ce da ta shigo a bayan sojan Lugard. Shekara 37 da 'yan watanni kafin a ɗaga tutar Ingila a Lokoja ran 1 ga Janairu, 1900, baƙin mutum ya riga ya yi baftisma a hayin kogin, da izinin sarakunan ƙasa. Suna da gargaɗi ga matasa masu zafin himma, kada su rushe da rana ɗaya abin da dattawa suka gina da hawaye, suna kuma da gargaɗi ga shugabanni, kada taushin zuciya ya hana su horon garken da aka danƙa musu. Ga masu bi da suke zaune ƙofa da ƙofa da Musulmi, a garuruwan da suka sha ganin rikici, rayuwar Crowther tana nuna cewa mutum yana iya riƙe shaidarsa cikakkiya ba tare da ya ci mutuncin maƙwabcinsa ba.

Waɗansu ikilisiyoyin Angilikan suna tunawa da shi kowace 31 ga Disamba. Ya kamata ikilisiyoyin da suke sujada da harshen Hausa su ma su sa 14 ga Satumba cikin kalandarsu, su gaya wa 'ya'yansu labarin mutum tara na Gbebe da bawan Allah da ya yi musu baftisma. Ubangijin girbi, wanda ya fisshe yaron Oshogun daga cikin jirgin bayi, ya tā da irinsa a wannan tsara. Amin.